Baje Kolin Tsofaffin Motoci a Birtaniya Yana Cika, Kasuwar Kayan Gyaransu Tana Raguwa: Me Ke Faruwa?

Duk watan Nuwamba, babban zauren baje koli na NEC da ke Birmingham yakan cika da tsofaffin motoci kusan 3,000, waɗanda ɗaruruwan ƙungiyoyin masu sha'awarsu suke kawowa, dubun dubatar mutane kuma su sayi tikiti don su je kallo. A watan Satumba ma haka abin yake a Goodwood, inda ake tseren motocin da aka ƙera tun kafin 1967, 'yan kallo su sa tufafin wancan zamani. Sai dai a cikin wannan harka guda, mutanen da ke kwance mota su ɗaura da hannunsu sun daɗe suna kokawa cewa kasuwannin fili, inda ake haɗuwa a sayar ko a yi musayar tsofaffin kayan gyara, suna ta ja da baya: rumfuna sun ragu, kayan kirki sun yi wuya, wasu ƙananan kasuwannin ma an daina ci. Tambayar da ke rikita mai bibiyar labarin ita ce yadda sha'awar mota za ta ƙaru amma kasuwar abin gyara ta ta ragu.

Taro biyu ne, ba ɗaya ba

Da farko ya kamata a san abin da ake kira tsohuwar mota ta tarihi. Hukumomin Birtaniya suna amfani da ma'aunin shekara 40: motar da ta kai wannan shekaru ana iya yi mata rajista a rukunin tarihi, ba ta biyan harajin hanya, kuma tun watan Mayun 2018 an ɗauke mata tilascin gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da ake kira MOT, matuƙar ba a yi mata babban sauyi ba. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu tsofaffin ababen hawa ta ƙasar, FBHVC, ta fi sassauci, domin ita shekara 30 take ƙirgawa. Wannan tazara ta shekara goma tana da muhimmanci, za a kuma dawo kanta.

Baje koli taro ne na kallo. Mai mota yakan wanke ta, ya goge, ya buɗe bonet don a ga injin, a wasu wuraren alƙalai su zagaya su ba da maki. Kasuwar musayar kaya kuwa taron ciniki ce. Mutum yakan kama ɗan fili, ya kafa tebur ko ya shimfiɗa tamfol, ya baje abin da ya tara a garejinsa: kafireta, fitilu, agogon gudu, hannun ƙofa, murfin taya, littafin gyara mai tabon baƙin mai. Wanda ya san Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna zai gane fasalin wurin nan take, sai dai can kasuwa ce ta kullum da buƙata ta kafa, wannan kuwa ta kwana ɗaya ko biyu ce, kuma da yawa daga masu sayarwar ba sana'arsu ba ce. Shekaru da dama tarukan biyu tare suke tafiya, har ana ganin baje kolin da ba shi da layin masu kayan gyara bai cika ba. Wannan haɗin ne yake warwarewa.

Yadda kasuwar ta faro

Mafi shahara a cikin waɗannan kasuwanni ita ce ta Beaulieu da ke Hampshire a kudancin Ingila, a harabar gidan tarihin motoci da Lord Montagu ya kafa a 1952. An fara cin ta a 1967, daga baya ta bunƙasa har rumfunanta suka kai wajen 2,000, masu saye da sayarwa suna zuwa daga Faransa, Jamus, Holan, Amurka da Japan. Ana yin babbar a watan Satumba, ƙaramar kuma a watan Mayu. Akwai irinta a Newark da Kempton Park, ban da ɗimbin ƙanana da ƙungiyoyi ke shiryawa a filayen ƙauye.

Abin da ya ciyar da su shi ne tarihin masana'antar motocin Birtaniya kanta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙasar ta ƙera motoci masu yawan gaske ta tura su duniya, shi ya sa dattawa a ƙasar Hausa ma suka san Landiroba da Bedford da Austin da Morris. An ƙera Morris Minor fiye da miliyan ɗaya da rabi tsakanin 1948 da 1971, MGB fiye da 500,000 tsakanin 1962 da 1980, Mini kuma fiye da miliyan biyar daga 1959 zuwa 2000. Kowane gari yana da dillali, kowane dillali yana da sito cike da kaya. Daga nan sai masana'antar ta shiga ruɗani: an haɗe kamfanoni da dama a cikin British Leyland a 1968, gwamnati ta karɓe shi a 1975, masana'antar MG da ke Abingdon ta rufe a 1980, abin da ya rage na kamfanin, wato MG Rover, kuma ya durƙushe a 2005. Duk dillalin da ya rufe ƙofa, kayan sitonsa sukan fita a farashin karyarwa, wasu su saya da lodi su adana.

Irin wannan kaya shi ne zinariyar kasuwar: tsoho ne a shekaru amma ba a taɓa ɗaura shi a mota ba, yana nan cikin kwalinsa na asali mai sunan kamfanin ƙera kayan mota irin su Lucas ko Smiths, a naɗe da takarda mai maiƙo. Masu nema sukan iso tun da asuba da amalanken hannu, wasu su rataya kwali a baya ɗauke da jerin abin da suke cigiya, don wanda yake da shi ya kira su. Ana ɗaga kaya, a juya, a duba lamba, a taya, a sallama.

Tsohon kaya yana ƙarewa

Dalili na farko ba shi da alaƙa da intanet. Abin da aka daina ƙerawa shekara hamsin da suka wuce adadinsa ba ya ƙaruwa. Duk fitilar da aka ɗaura a mota ta fita daga kasuwa, kuma sitocin dillalan da suka rufe an daɗe da kwashe su. Kayan da ba sa jure ajiya, kamar roba da fata da wayoyi, sun lalace ko da ba a yi amfani da su ba.

Hanya ta biyu da kaya ke shigowa ita ce wurin jibge matattun motoci, inda a da mutum kan shiga da sifana ya kwance abin da yake so ya biya a ƙofa. Dokokin kare muhalli na 2003 sun wajabta cewa sai wuri mai lasisi ne zai karɓi motar da ta gama aiki, ya tsiyaye mai da sauran ruwan da ke cikinta, ya ba da takardar shaidar rusa ta. Dokar dillalan ƙarafa ta 2013 kuma ta tsaurara lasisi tare da hana biyan tsabar kuɗi a cinikin tsohon ƙarfe, domin magance sata. Dokokin suna da dalilansu masu ƙarfi, amma sakamakonsu shi ne ƙananan wurare da yawa sun rufe, manyan kuma ba sa barin mota ta shekara a fili tana jiran mai nema. A kan wannan aka ƙara shirin gwamnati na 2009 zuwa 2010, wanda ya ba da rangwamen fam 2,000 ga wanda ya miƙa motar da ta haura shekara goma ya sayi sabuwa. Kusan motoci 400,000 aka rusa, mafi yawansu na shekarun 1990, wato waɗanda a yau ake fara neman kayansu.

Intanet da sabuwar ƙira

Dalili na biyu shi ne wanda aka fi ambata. Tun da eBay, dandalin saye da sayarwa na intanet, ya buɗe shafinsa na Birtaniya a 1999, daga baya kuma Facebook ya kawo nasa dandalin ciniki a 2016, mai kaya ba ya buƙatar ya loda mota cikin dare, ya biya kuɗin fili, ya kwana a tanti, ya sha ruwan sama, don ya jira ko Allah zai kawo wanda ke neman ainihin abin da yake da shi. Hoto ɗaya ya isa ya kai shi ga masu saye a nahiyoyi da dama. Mai nema ma ba sai ya jira Satumba ba.

Akwai wani tasiri da ba a cika lura da shi ba. Intanet ta bayyana farashi. A da mai sayarwa yakan sallama kaya da arha saboda bai san darajarsa ba, wannan sa'a kuwa ita ce take jawo mutane su yini suna tonon kwalaye. Yanzu kowa yana duba waya kafin ya faɗi kuɗi, kuma kaya mai daraja yakan tafi tun kafin ranar kasuwa. Abin da ya rage a kan tebur sau da yawa shi ne wanda bai samu mai saye a intanet ba, ko mai nauyin da aika shi ya fi kuɗinsa. Idan mai saye ya je sau biyu bai samu komai ba sai ya daina zuwa, idan masu saye suka ragu sai mai sayarwa ya ga ba riba, kowane ɓangare yana jiran ɗaya. Guraben da suka bari sai masu sayar da sababbin kayan aiki, man goge mota, alluna na ado da motocin wasan yara suka cike, wanda shi ne babban ƙorafin tsofaffin 'yan kasuwar.

Dalili na uku kuwa nasara ce da ta zo da nata sakamako. Motocin da suka fi farin jini yanzu ana sake ƙera kayansu sabo fil. Kamfanin British Motor Heritage da ke Witney ya fara fitar da sabon bodin MGB a 1988 da ainihin injinan matse ƙarfe na masana'antar, yana kuma yin na Mini. Kamfanin Burlen da ke Salisbury yana ƙera kafireta samfurin SU ta tsofaffin motoci har yau. Dillalai irin su Moss, Rimmer Bros da Mini Spares suna da kundin kaya dubbai da ake aikowa har gida, Jaguar Land Rover ma yana da sashe na musamman na tsofaffin motocinsa. Mai MGB ko Triumph Spitfire zai iya kammala gyara bai taɓa taka filin kasuwa ba.

Iyaka, annoba da kuɗin fili

Abubuwa biyu sun faɗo kusan lokaci guda. Annobar korona ta sa aka soke taruka a 2020, har da babbar kasuwar Beaulieu, kuma wasu dattawan masu sayarwa da suka zauna a gida ba su koma ba. Sannan daga farkon 2021, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, kaya masu ƙetare iyaka suka fara buƙatar takardun kwastan, wani lokaci da haraji. Ga kamfani mai kaya iri ɗaya wannan aikin ofis ne kawai. Ga mutumin da ya cika motar ɗaukar kaya da tarkace ɗaruruwa, kowanne daban, babu rasit, bai kuma san wanda zai sayu da wanda zai dawo da shi ba, aiki ne mai wuyar gaske. Wannan ya rage zuwan 'yan Turai, ya kuma rage tafiyar 'yan Birtaniya zuwa manyan kasuwannin Jamus da Faransa.

Masu shirya taro su ma suna da nasu lissafi: hayar fili, inshora, masu tsaro, makewayi da ma'aikatan agajin gaggawa duk sun yi tsada. Mai shiryawa ya san cewa rumfar abinci ko ta kamfanin inshora ta fi ba da kuɗi a kan mai tamfol da kwalaye uku.

Me ya sa baje koli bai ragu ba

Binciken da FBHVC ta fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa akwai ababen hawa na tarihi kusan miliyan ɗaya da rabi a rajistar Birtaniya, harkar tana juya fam biliyan 7.2 a shekara, tana kuma ɗaukar ma'aikata kimanin 34,000. Ke nan kuɗi da sha'awa suna nan. Abin da ya sauya shi ne yadda ake kashe su.

Kallo ba ya buƙatar gareji, ko kayan aiki, ko ilimin kanikanci. Iyali za su iya zuwa su yini, su ɗauki hotuna, kuma kamfanoni suna son tallafa wa taron da ke tara jama'a. An kuma samu sabon salo na gajeren taro, irin wanda ake yi a Bicester Heritage, tsohon sansanin sojan sama da aka mayar cibiyar masu gyaran tsofaffin motoci, inda ake haɗuwa da safe a watse da rana. Ban da haka, da darajar wasu motoci ta tashi, kamar Jaguar E-Type, masu su sun koma kai su ga ƙwararru, ƙwararren kuwa ba ya jiran ranar kasuwa, waya yake bugawa. Mutanen da suka taso suna gyara motarsu a ƙofar gida ranar Asabar, saboda motocin wancan zamani sun saba neman a taɓa su, yanzu sun manyanta, matasa da yawa kuma suna zaune a gidajen haya marasa wurin ajiye mota ta biyu.

Inda ra'ayi ya rabu

Ɓangare ɗaya yana ganin babu abin da aka rasa sai wahala. A cewarsu kasuwar ba ta mutu ba, wuri ta sauya, kuma sabon wurin ya fi adalci, domin mutumin da ke arewacin Scotland ko a Ostareliya yana da dama daidai da wanda ke kusa da Hampshire. Suna kuma nuna cewa abubuwan da suka shafi rai, kamar birki da taya da bututun mai, sabo ya fi tsoho aminci, musamman tun da aka mayar da fetur na E10 mai yawan sinadarin etanol ya zama na gama-gari a 2021, wanda yake cin tsohuwar roba. Wannan hujja ce mai nauyi, kuma a kan motoci masu farin jini da wuya a ture ta.

Ɗaya ɓangaren yana cewa kwafi ba ya kai asali: bambar da ba ta zauna daidai ba, robar da ke tsagewa da wuri, ko na'urar wuta da ke mutuwa bayan ɗan lokaci. Ingancin kwafi ya bambanta ƙwarai daga kamfani zuwa kamfani, saboda haka ƙorafin gaskiya ne a kan wasu kaya, ba a kan duka ba. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ta ilimi. Tsofaffin motocin Birtaniya suna da sarƙaƙiya: wasu kusoshin a ma'aunin Whitworth suke, wasu a wani ma'aunin inci daban, motoci da dama na kafin tsakiyar shekarun 1960 kuma an haɗa wutarsu ne a akasin yadda ake yi yanzu, kuma kamfani kan sauya ƙaramin abu a tsakiyar shekara ba tare da kamanninsa ya sauya ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana sayar da kayan Riley ko Sunbeam yakan riƙe abu a hannu ya faɗi motar da ya fito da wadda zai shiga. A intanet kuwa, abin da mai shi bai san sunansa ba ba zai iya tallata shi ba, mai nema ma ba zai same shi ba. Idan irin wannan dattijo ya rasu, magadansa sau da yawa kwalayen tsatsa kawai suke gani, sai a kira mai kwasar ƙarfe.

Akwai kuma masu ra'ayi na tsakiya, waɗanda ke cewa ana zuzuta batun, tunda Beaulieu da Newark suna ci har yanzu. Wannan gaskiya ne, amma bai warware ƙorafin ba, domin raguwar ta fi bayyana a ƙananan kasuwanni da kuma a irin kayan da ke kan tebur. Wasu na hasashen cewa ƙa'idar da ta fara aiki a 2024, wadda ta wajabta wa dandalin ciniki na intanet su kai wa hukumar haraji rahoton masu yawan sayarwa, za ta iya mayar da wasu fili, sai dai wannan hasashe ne.

Wa abin ya fi shafa

Mai kuɗi ba shi da damuwa, domin ana iya ƙera masa duk abin da ya ɓace, ko a tsohuwar hanya ko da na'urar da ke fitar da abu daga zanen kwamfuta. Mai MG ko Mini ko Landiroba ma yana cikin sauƙi. Wanda ke shiga matsi shi ne mai matsakaicin hali da ke riƙe da motar da ba ta yi suna ba, irin su Hillman, Wolseley ko Austin Maxi, waɗanda yawansu bai kai a ce wani kamfani ya zuba jari wajen sake ƙera gilashinsu ko fitilarsu ba. Idan kuɗin gyara ya zarce darajar mota, yawanci a kwance ta ake yi a sayar da sassa. Ta haka motocin da suka fi yawa a titi a zamaninsu, waɗanda talakawa suka hau, suke zama mafiya wuyar gani, har an kafa wani baje koli na musamman a Birtaniya don motocin da ba a ɗauke su a bakin komai ba. Ƙungiyoyin masu mota iri ɗaya suna ƙoƙarin toshe giɓin ta hanyar sayen tarin kayan mamata su adana, ko su haɗa kuɗi a ƙera musu ɗan adadi kaɗan na abin da ya ƙare.

Sabon shiga ma yana asara, domin kasuwar fili ita ce ƙofar da ba ta da tsada, inda da 'yan fam kaɗan matashi zai sayi kafireta ya je gida ya koyi kwancewa, ya kuma tafi da shawarar wanda ya sayar masa.

Matsalar da ke tafe ta fi ta yanzu wuya, kuma a nan ne tazarar shekara 30 da 40 take aiki. Motar farkon shekarun 1990 tsohuwa ce a idon masu sha'awa amma ba a idon hukuma ba, saboda haka tana biyan harajin hanya, idan kuma ta shiga Landan, inda aka faɗaɗa yankin taƙaita hayaƙi zuwa dukan birnin a watan Agustan 2023, tana biyan fam 12.50 a rana, alhali wadda ta haura shekara 40 an yafe mata. Kayanta kuma ba ƙarfe da tagulla ba ne da maƙeri zai kwaikwaya, robobi ne masu karyewa da ƙananan kwamfutocin injin da aka daina ƙerawa, wasu ma a kulle suke da lambar mota guda. Ko an samu irin wannan na'ura a kan tamfol, ba a gane lafiyarta da ido sai an haɗa ta da mota, don haka masu Rover ko Jaguar na wancan zamani sun fi dogara da 'yan ƙwararrun da ke buɗe ta su gyara, da kuma ƙungiyoyin da suka fara tara ta tun yanzu.